Sarawa Ashirin da Huɗu

Litinin, 15 ga Yuli 2024, bayan azahar

Shekara talatin ke nan tun da Rhissa ya sa hannu a takardar da ta raba ni da lakwal ɗin Rijiya Biyu, makarantar 'ya'yan makiyaya. Ni ne darakta, shi mataimakina. Ni na koya masa yadda ake riƙe alli kada ya yi ƙara a kan allo. Sunansa ne na farko a ƙasan takardar, ya ja masa layi da rula kamar yadda na koya masa. Ban manta ba, ba na kuma roƙon Allah ya mantar da ni.

Abin da ya tayar da maganar yau, ɗiyarsa Aisata ce ta saka hoto a gurup ɗin tsofaffin ɗalibai. Ɗiyata Hamdiya ta sa ni cikin gurup ɗin bara, wai don in rage zaman shiru. Hoton tsohon ajin ƙasa ne wanda muka mayar ma'ajiya. Bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, hannun mutum zai shiga. A ƙarƙashi ta rubuta: "Ruwa biyu ko uku ya rage masa."

Cikin ɗakin akwai akwatin ƙarfe. Cikin akwatin akwai rajista goma sha ɗaya, daga 1979 zuwa 1994. Sunan kowane yaro, sunan ubansa, rijiyar da aka haife shi kusa da ita, ranar da ya fara shiga aji. Babu irinsu ko'ina, ko a ofishin anspekter.

Ranar da na bar garin na sa wa ɗakin kwaɗo a gaban jama'a, na ce duk wanda ya taɓa ƙofar nan ban yafe masa ba, duniya da lahira. Sun ji. Daraktan da ya gaje ni ya sayi sababbin rajista, bai ko matsa kusa ba. Mabuɗin yana nan cikin gwangwanin shayi a kan taga.

Talata, 16 ga Yuli, da hantsi

Na rubuta musu a gurup. Da Faransanci mai kyau, kowace alama a kan harafinta, awa guda da yatsa ɗaya. Abu uku na ce. A zo Dakoro a karɓi mabuɗi daga hannuna. A tafi da mota. A kawo mini akwatin nan gida. Na ƙara da cewa maganata ba za ta hau kan wanda ya karɓi mabuɗi daga hannuna ba.

Su arba'in da ɗaya ne. Akwai likita, akwai mai shari'a, akwai masu motoci. Duk sun iya rubuta sunansu saboda ni.

Talata, bayan la'asar

Elhaji Zakiru, ɗan kasuwar nan na Maradi, shi ya fara amsawa. Ba kalma ko ɗaya. Wata 'yar fuska ce ruwan ɗorawa, hannu a goshi, baki a miƙe ba murmushi: 🫡. Bayansa sai suka biyo kamar tumaki a bakin rijiya. Na ƙirga. Ashirin da uku.

Da Hamdiya ta kawo fura na nuna mata.

"Baba, sara maka suka yi, kamar soja," in ji ta. "Wato na ji, an gama, ba sai ka maimaita ba."

"Wa ya gama?"

"Duk wanda ya aiko."

"Su ashirin da uku za su ɗauki mabuɗi ɗaya?"

Ta yi dariya har fura ta zuba. Ta ce ni dai ba a iya mini, in an yi shiru in ce raini, in an amsa in ce yawa.

Zan faɗi gaskiya tunda ba mai karanta wannan: na ji daɗi. Na ce ta sayo sukari da ganyen shayi, a share zaure, kada su zo su tarar da gidan malaminsu kamar na wanda aka manta.

Alhamis, 18 ga Yuli, da magariba

An share zaure. Ba wanda ya zo.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan masallaci

Hadari ya haɗu arewa, ya watse.

Asabar, 20 ga Yuli, da hantsi

Tunda ba ni da aiki sai na koma baya cikin gurup ɗin ina bin 'yar fuskar nan, in ga inda ake sa ta. Malami ba ya yarda da kalma sai ya gan ta cikin jimla.

An sa ta ƙarƙashin hoton wani tsohon maigadi da ya rasu. An sa ta ƙarƙashin sabuwar motar Zakiru. An sa ta da wani ya ce matarsa ta aike shi sayen albasa, a nan har da fuskar dariya a gefe. An sa ta ƙarƙashin wa'azi mai tsawon minti ashirin, minti ɗaya bayan an turo shi. An sa ta da ƙungiyar ƙwallon wani ta sha kashi. Mamaci da albasa, hannu ɗaya ke sara musu.

Ni na koya wa yaran nan sarawa. Kowace safiya ƙarfe takwas saura kwata, a gindin tuta. Gwiwar hannu daidai kafaɗa, yatsu a haɗe, ido gaba. 'Ya'yan makiyaya da ba su taɓa tsayawa cikin layi ba, cikin wata guda sun iya. A bayan idona suna ce mini Kumandan, na sani. Amma abin da na koya musu shi ne, wanda ya sara yana nan tsaye har sai an sallame shi. Wannan kuwa ta waya, mai ita ya sara ya sallami kansa.

Litinin, 22 ga Yuli, bayan azahar

Na kira Zakiru. Ban so ba. Har yau Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malami da Faransanci.

"Mushe! Allah ya ja zamaninka! Wallahi yanzu nake zancenka."

"Da wa?"

"Da... mutane, Mushe. Ya ƙafa?"

"Ƙafa tana nan. Mabuɗi ma yana nan."

Ina jin ana sauke buhuna a bayansa. "Ai ni na ɗauka likita ya tahi. Na ga ya sara."

"Kai ka riga shi."

"To, Mushe, ai shi ya fi ni kusa."

"Yana Niamey, Zakiru."

"Au. Ba a maido shi ba?" Sai ya shiga rantsuwa. Alhamis, in Allah ya so, da kansa, da motar da ba ta jin yashi. Da muka gama ya sake turo mini fuskar, ni kaɗai wannan karon. Ban sa ta cikin lissafi ba.

Yaron nan shekara biyu ya yi a aji ɗaya. Ni na roƙi ubansa kada ya mayar da shi bin raƙuma.

Laraba, 24 ga Yuli, da hantsi

Hamdiya ta zo da dabara. Wai akwai direban da ke bin hanyar Tagriss da motar kasuwa, a ba shi mabuɗin ya kai wa Baba Rhissa. Baba ta ce masa. Gidansa taku hamsin ne daga ɗakin.

Na ce mabuɗina ba zai shiga gidan nan ba.

"To kai ka tahi mana."

Na nuna mata ƙafata.

"Ƙafar da ke kai ka kasuwar dabbobi kallon ciniki?"

Na ce ta ɗauki kwanonta. Ta ɗauka, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Ba ta juyo ba ta yi mini wata tambaya game da rajistan. Sannan ta fita.

Alhamis, 25 ga Yuli, da la'asar

Motar da ba ta jin yashi tana gareji.

Ba zan sake rubuta musu ba. Darakta ba ya maimaita umarni.

Juma'a, 26 ga Yuli, da safe

Rubutuna bai taɓa kyau ba, wannan kowa ya sani. Anspekter na farko da ya ziyarce mu ya buɗe rajista ya ce kaza ce ta bi ta kan tawada. Tun daga 1983 ba ni ke cika su ba. Da rana in an sallami yara, ni ina karanto suna, ana rubutawa. Da alƙalami mai tsini da shuɗiyar tawada. Babban H ɗin nan mai ƙafa ɗaya doguwa, wadda ke sauka ƙasan layi ta lanƙwaso.

Tambayar da Hamdiya ta yi shekaranjiya ita ce: da gaske ne akwai rubutun mahaifiyarta a ciki? Kwana tara gare ta lokacin da matata Zuhura ta rasu. Hoto ɗaya muke da shi, shi ma fuska ta goge.

Sukarin da aka sayo, tururuwa ta same shi.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan azahar

An yi ruwa a Dakoro tun asuba, har ya shigo zaure. Aisata ta kira Hamdiya, ta ce can yayyafi kawai suka samu, amma tsagar ta ƙara buɗewa.

Ta kuma faɗi wani abu, Hamdiya ta kawo mini shi kamar ta tsinci zinariya. Wai duk shekara kafin damina Rhissa ke kwaɓa ƙasa ya yi wa ɗakin yaɓe ta waje, ya hau sama ya gyara indararo. Shekara ashirin da tara. Bana ne bayansa ya hana shi hawa tsani.

"Ka ɗauka ɗakin ƙasa yana tsayuwa shekara talatin da kansa, Baba?"

Na ce wa ya sa shi.

Ban taɓa tambayar kaina ba. Wa ya sa shi?

Lahadi, 28 ga Yuli

Aisata ta saka sabon hoto. A ƙarƙashinsa hannuwan addu'a, fuskoki masu hawaye. Mai shari'a ya rubuta cewa wannan tarihinmu ne, bai kamata a bari ya salwanta ba. An sara wa maganarsa.

Litinin, 29 ga Yuli, da hantsi

Saƙon murya daga lambar da ban sani ba. Sakan arba'in da bakwai. Na gane shi tun daga gyaran murya. Ya tsufa. Zan rubuta shi yadda ya faɗa.

"Harisu. Rhissa ne. Ina gaisuwa, ya iyali, ya ƙafa. Ɗakin nan ba ya kai sati. Yaranka ba su zuwa, ni na sani, kai ka sani. Ba na ce ka yafe mini takarda ba. Wannan taka ce, riƙe ta. Ƙofa kaɗai nake nema. Da bakinka ka ɗaure, da bakinka za ka kwance. Ka ce, Rhissa, ɓalle. Shi ke nan. Guduma tana nan gefena. Akwatin in aiko maka, ba na buɗe shi."

Harisu. Ba Mushe ba, ba Darakta ba. Na girme shi da shekara shida.

Na saurare shi sau tara.

Talata, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Na danna wurin magana sau huɗu. Na farko na fara da gaisuwa, na ji muryata kamar ta mai roƙo, na goge. Na biyu na fara da 1994. Ya kai minti shida, ban iso ga ƙofar ba. Na goge.

Abin da takardar ta ce shi ne darakta bai shiga aji ba wata huɗu. Ta ce yana wuni cikin ma'ajiya da rajista buɗe a gabansa, yara sittin suna zaune ba malami, jarrabawa ta gabato. Ta ce a taimake shi, a kawo wani.

Ba ƙarya suka rubuta ba. Amma ba a rubuta irin wannan. Mutumin da ya ɗauki makara tare da kai ba ya zama ya auna maka watanni da rula. Da ya zo ya kama ni ya jijjiga, da ya mare ni ma, da na yafe tun a ranar. Sai ya rubuta. Da Faransancin da ni na gyara masa.

Yaran sun ci jarrabawa a shekarar, goma sha ɗaya cikin goma sha huɗu. Na ji labari. Zakiru yana cikinsu.

Laraba, 31 ga Yuli, da hantsi

Na aika masa amsa.

'Yar fuskar tana nan a layin farko, ba sai an nema ba. Yatsa ɗaya, taɓawa ɗaya. 🫡

Yanzu na san amfaninta, na fi Hamdiya sani. Ba ka ce i ba, ba ka ce a'a ba, kuma ba wanda zai ce ka yi shiru. Ka girmama mutum ka rufe masa ƙofa a lokaci guda. Na ajiye wayar na ji sakayau, har na sha shayi kofi biyu. Ashe haka suka ji su ashirin da uku.

Laraba, bayan azahar

Sakan shida.

"Na ga ɗan hoton. Hoto ba baki ba ne, Harisu. Ina jira."

Taurin kai irin na mutumin nan. Yana da guduma, yana da hannu. Wa zai gan shi?

Alhamis, 1 ga Agusta

Gobe.

Juma'a, 2 ga Agusta, da safe

Bayan masallaci zan kira shi. Kira ya fi saƙon murya, ba ya barin abin da za a riƙa kunna wa mutane. Kalma biyu, in kashe. Na gwada su a bayan gida. Suna fita.

Juma'a, da la'asar

Bayan masallaci na ci abinci. Na ɗan kishingiɗa. Da na tashi arewa ta yi baƙi ƙirin, iska tana kawo ƙamshin ƙasa.

Na kira. Babu rezo. Na kira Aisata. Babu rezo. Na kira sau goma sha bakwai. A na ƙarshe na faɗi kalmomin duk da haka, matar cikin waya tana ce mini in sake gwadawa an jima.

Asabar, 3 ga Agusta, da rana

Ranar samun 'yancin kai. Gurup ya cika da tuta da hotunan dashen itace. Sarawa ko'ina, ba ta ƙirguwa.

Daga Rijiya Biyu ba labari.

Lahadi, 4 ga Agusta

Ba labari. Hamdiya ta kawo tuwo, ta zauna, ta tafi da shi yadda ta kawo.

Litinin, 5 ga Agusta, da hantsi

Aisata ta hau tudu ta sami rezo. Ni ta kira, ba Hamdiya ba.

"Mushe, ina wuni. Sai haƙuri."

Juma'a ne, tsakanin azahar da la'asar. Bangon gabas ya fara, rufin ya bi shi. Ruwan kwari ya taru a wurin har gwiwa, bai janye ba sai jiya.

Na tambaye ta ina ubanta yake a lokacin.

"Yana bakin ƙofar, Mushe. Tun da hadari ya taso ya ɗauki tabarma ya zauna can, waya a hannu ɗaya, guduma a ɗaya. Mun ce ya shigo, ya ƙi. Na ce, Baba, ɓalle kawai, Allah ya san nufinka. Ya ce ya taɓa yi wa Mushe abu don alherinsa ba da izninsa ba, ba ya ƙarawa."

Na ce mata to.

"Jiya ya sa aka tono akwatin. Ya ce yanzu tunda babu ƙofa, babu abin da ya taɓa."

Na ce mata to. Ta jira. Na san abin da take jira. Na ce ta gaida gida.

Talata, 6 ga Agusta, bayan azahar

Zakiru ya kira. An gyara mota, yaushe zai zo karɓar mabuɗi?

Hoton kangon yana gurup tun jiya. Sun sa abin da suka saba sawa a ƙarƙashi. Ban ƙirga ba. Ba ni da bakin ƙirga na kowa. Su ashirin da uku ne, ni na cika na ashirin da huɗu.

Alhamis, 8 ga Agusta, da la'asar

Motar kasuwa ta sauke akwatin a ƙofar gida. An ɗaure shi da igiyar raƙumi, ƙullin Rhissa ne, na san shi. Bai buɗe ba, kamar yadda ya ce. Ba wasiƙa.

Azarar rufi ta faɗa wa murfin ta lotsa shi, gindin kuwa tsatsa ta riga ta cinye. Ni da Hamdiya muka buɗe a zaure. Ta wanke hannu kafin ta taɓa.

Sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Ta kawo wuƙar yanka kuɓewa tana ɓamɓarowa a hankali, shafi bayan shafi. Layukan da injin ya buga suna nan sarai, ja da baƙi. Tsakaninsu shuɗi ne kawai, kamar an rina.

"Wanne ne nata, Baba?"

Na nuna mata na biyar zuwa na ƙarshe. Ta ɗaga kowane shafi ta duba shi a hasken ƙofa. Har aka kira magariba tana dubawa.

Mabuɗin yana nan cikin gwangwani.

Rajista goma sha ɗaya. Yara ɗari shida da arba'in da biyu. Bakwai daga ciki da hannun Zuhura. Ba harafi ɗaya da ya karantu, kuma Hamdiya ba ta ga rubutun uwarta ba.